FIƊAR YINI GUDA: WA ZAI KOMA GIDA, WA ZAI KWANA ASIBITI?

A ƙasar Madarumfa, idan kaka ta wuce, an kai gero rumbu, an sayar da wake da gyaɗa, lokacin ne manomi yake samun sukunin tunawa da ciwon da ya yi ta daurewa da shi tun farkon damina. Wani gwaiwa ce ta dame shi, wani kuma tsohuwarsa ce gashin ido ya karkata ciki yana soke ta dare da rana. Amma da zarar an ambaci fiɗa sai gaban kowa ya faɗi, domin abin da jama'a suka sani shi ne mai fiɗa yakan yi kwana da kwanaki bisa gadon asibiti, mai jinya yana kwana ƙarƙashin itace, an bar yara da dabbobi a gida ba mai kula, kuɗin guzuri kuma suna ta zurarewa. Wannan tsoro ya sa mutane da yawa suna ɓoye cuta har sai ta gagari magani.

Alhali kuwa a yau akwai ayyukan fiɗa masu yawa waɗanda ake yi wa mutum da hantsi, kafin la'asar sakaliya ya kama hanyar gida. Shi ne ake kira fiɗar yini guda. Amfaninta ba ya ɓoyuwa: tana rage kashe kuɗi, tana barin gado ga wanda ciwonsa ya fi tsanani, kuma tana rage ɗaukar wata cuta a ɗakin majinyata. Sai dai akwai sharaɗi. Ba kowane aiki ne ya dace da ita ba, ba kuma kowane mutum ba. Idan aka yi kuskuren zaɓe, wanda aka sallama da rana yana iya shiga halin mutuwa da tsakar dare, a ƙauyen da babu likita kusa.

ASALIN AL'AMARIN

Yi wa mutum aiki da wuƙa a sallame shi nan take ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, tun da wanzamai sun daɗe suna kaciya da ƙaho da cire beli a zaure. Abin da ya bambanta aikin asibiti da nasu shi ne tsabtar kayan aiki, da maganin kashe zafi, da kuma binciken da ake yi wa mutum kafin a taɓa shi.

Ranar 16 ga watan Oktoba na shekarar 1846, a birnin Bostan na Amurka, aka nuna wa taron likitoci cewa ana iya sa mutum barci da maganin ita a yi masa aiki bai ji zafi ba. A 1884, a birnin Biyana, likitan ido Carl Koller ya nuna cewa ana iya kashe zafin ido kaɗai da ɗigon magani, mutum yana farke. A 1898 August Bier na ƙasar Jamus ya fara allurar gadon baya. Maganin lidokayin, wanda a yau ake samunsa har a ƙananan gidajen likita, an haɗa shi ne a ƙasar Suwidin a 1943, ketamin kuwa a Amurka a 1962.

A 1909 likita James Nicoll na birnin Gilasgo ya ba da rahoton ayyuka kusan 9,000 da aka yi wa yara cikin shekaru goma, ana mayar da su ga iyayensu a ranar. A 1955 Eric Farquharson na birnin Edinbara ya ba da labarin mutane 485 da ya yi wa aikin gwaiwar hanji da allurar kashe wuri, suka tafi gida da ƙafafunsu. A 1970 aka buɗe wata cibiya a birnin Finiks na Amurka wadda ba ta da wani aiki sai fiɗar yini guda. Daga nan al'amarin ya bazu a duniya.

Ƙasashe matalauta sun fi kowa bukatarsa. Wani babban kwamitin masana da mujallar likitoci ta Lancet ta kafa ya bayyana a 2015 cewa mutane biliyan 5 a duniya ba su da halin samun fiɗa mai aminci a lokacin da suke bukata da kuɗin da za su iya biya. Inda gadaje da likitoci suka yi kaɗan, tilas a san yadda za a raba su.

HANYOYI UKU NA KASHE ZAFI

Hanya ta farko ita ce allurar kashe wuri. Ana yin ta daidai inda za a yanka, wurin ya mutu na ɗan lokaci, mutum yana farke yana magana da mai aikin. Ita ce mafi sauƙin hatsari, kuma ita ta fi dacewa da mai komawa gida. Duk da haka tana da ƙa'ida: ana auna yawan maganin bisa nauyin mutum, domin idan ya wuce kima yana taɓa zuciya da ƙwaƙwalwa.

Ta biyu ita ce allurar gadon baya, wadda take kashe jiki daga wajen cibiya zuwa ƙafafu na ƴan sa'o'i. Wanda aka yi wa ita ba a sallamarsa sai ƙafafunsa sun dawo daidai, ya iya tsayuwa da tafiya, ya kuma yi fitsari da kansa. Wasu sukan yi ciwon kai bayan kwana ɗaya ko biyu, mai tsananta idan sun tashi zaune, mai lafawa idan sun kwanta.

Ta uku ita ce maganin barci, inda mutum yake fita hayyacinsa gaba ɗaya. Wannan tana bukatar ƙwararren mai sa barci, da iskar numfashi, da na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar da ke cikin jini, da wanda zai tsaya bisa kan majinyaci har ya farfaɗo. Inda babu waɗannan, ba a sa mutum barci, komi ƙanƙantar aikin.

AIKIN DA YA DACE

Likitoci suna duba abu huɗu game da aikin kansa. Kada ya zama mai zubar da jini da yawa, ko mai barazanar ɓarkewar jini bayan an gama. Zafin da zai biyo baya ya zama wanda ƙwayoyin sha za su iya kwantarwa. Mutum ya iya ci da sha cikin ƴan sa'o'i. Sannan kada ya bukaci kulawar da malamin asibiti kaɗai ya iya.

Bisa wannan ma'auni, ayyukan da aka saba yi a yini guda sun haɗa da gyaran fatar ido ga mai amodari, da cire yanar ido, da kaciya, da fasa maruru, da cire ƙullutun kitse na ƙarƙashin fata, da cire haƙori, da aikin gwaiwar ruwa, da na gwaiwar hanji matsakaiciya wadda take komawa ciki idan mutum ya kwanta.

Nan ne ya kamata a lura ƙwarai, domin cuta ɗaya tana iya zama iri biyu. Gwaiwar hanjin da take fita tana komawa, ana iya sa mata rana a natse. Amma ranar da ta fito ta ƙi komawa, ta yi tauri, ga zafi mai tsanani, ga amai, ga ciki ya kumbura ba bayan gida ba tusa, to hanji ne ya shaƙe. Wannan ba ta jiran wayewar gari, ba ta jiran ranar kasuwa, kuma mai ita zai kwana asibiti bayan aiki. Haka nan gwaiwar da ta shekara da shekaru har ta yi girman ƙwarya: aikinta yana da faɗi, jini yana iya taruwa a wurin, saboda haka an fi son a riƙe mai ita a sa masa ido.

Fiɗar haihuwa ma ba ta cikin lissafin yini guda, haka aikin yoyon fitsari. A garin Danja, kudu da Maraɗi, inda asibitin kutare yake tun shekarun 1950, an buɗe cibiyar gyaran yoyon fitsari a 2012. Matar da aka yi wa wannan aiki takan zauna da robar fitsari wajen mako biyu, ana lura da ita kullum, domin idan robar ta toshe ɗinkin yana iya kwancewa, wahala ta koma sabuwa. A nan gaggawar komawa gida asara ce.

MISALIN AMODARI

Babu inda fiɗar yini guda ta fi nuna amfaninta a jihar Maraɗi kamar wajen yaƙi da amodari. Cutar tana farawa tun yarinta, ƙuda da hannu da tsumma suna yaɗa ta. Idan ta yi ta maimaituwa sai cikin fatar ido ya yi tabo, fatar ta lanƙwashe, gashin ya riƙa gogar ƙwayar ido duk ƙiftawa. Mata sun fi maza kamuwa, saboda su ne kullum tare da yara. Da yawa cikinsu suna yawo da matsefata suna tuge gashin, shi kuwa yana sake tsirowa.

A 1998 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya yanke shawarar kawar da makantar amodari ta hanyoyi huɗu, waɗanda ake taƙaitawa da kalmar CHANCE a Faransanci: fiɗa, da maganin kashe ƙwayar cutar, da wanke fuska, da tsabtace muhalli. A Nijar, ma'aikatar kula da lafiyar ido ta ƙasa, tare da tallafin ƙungiyoyi irin su Cibiyar Carter da Helen Keller, ta horar da malaman asibiti wannan aiki, aka riƙa kai shi gidajen likita na karkara maimakon a jira tsofaffi su zo birni. Aikin ba ya wuce minti 15 zuwa 20 ga ido guda. Ana kashe wurin da allura, a tsaga fatar ta ciki, a juyo da bakinta waje, a ɗinke. Washegari a cire bandeji, bayan mako ɗaya zuwa biyu a cire zare, bayan wata uku zuwa shida a sake dubawa.

To, ko a wannan aiki mai sauƙi ana zaɓe. Yaro ƙarami ba a yi masa a ƙauye, domin ba zai iya kwanciya shiru ba, sai an sa shi barci a babban asibiti. Wanda aka taɓa yi wa aikin gashin ya sake komawa ciki, da wanda ciwon yake a fatar ido ta ƙasa, ana tura su wurin wanda ya fi ƙwarewa. Wanda idonsa yake ruwan mugunya sai an yi masa magani tukuna. Kuma wajibi ne a gaya wa majinyaci gaskiya tun da fari: aikin yana tsayar da zafi, yana hana ƙarin lalacewa, amma ba ya share farin tabon da ya riga ya rufe ƙwayar ido. Tsohuwar da aka yi wa alkawarin gani, ta koma gida ba ta gani, ita ce za ta hana matan unguwa goma zuwa.

MUTUMIN DA YA DACE

Tun 1941 ƙungiyar likitocin sa barci ta Amurka ta fito da wani ma'auni na ƙarfin jikin majinyaci, wanda ake aiki da shi a ko'ina. Mataki na ɗaya shi ne mai cikakkiyar lafiya. Na biyu mai ciwo mara tsanani, kamar hawan jinin da magani ya riƙe. Na uku mai ciwo mai tsanani wanda ya rage masa kuzari. Na huɗu wanda ciwonsa yake barazana ga ransa kullum. Na ɗaya da na biyu sun dace da fiɗar yini guda. Na uku sai idan ciwon ya daɗe a kwance bai motsa ba. Na huɗu kuwa ba a sallamarsa a ranar.

Yawan shekaru kaɗai ba ya hana. Dattijo mai shekara 70 da yake zuwa gona da ƙafarsa ya fi cancanta bisa ga mai 40 wanda numfashi yake yanke masa idan ya ɗan taka. Amma jariri sabon haihuwa, musamman bakwaini, ana kwantar da shi bayan maganin barci, saboda numfashinsa yana iya ɗaukewa cikin dare.

A wannan yanki akwai abubuwan da ya wajaba a bincika fiye da wasu wurare. Na farko ƙarancin jini, wanda zazzaɓin sauro da rashin abinci mai gina jiki suke haddasawa, musamman daga tsakiyar damina zuwa kaka. Asibitin gundumar Madarumfa, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi shekaru tana taimakawa wajen jinyar yara, ya san yadda ɗakin yara yake cika a waɗannan watanni. Yaro mai tamowa, ko mai zazzaɓi, ko mai tari da majina a ƙirji, ana ɗaga aikinsa idan ba na gaggawa ba ne, har ya murmure. Na biyu ciwon emasi, wanda ake kira sikila: mai shi ƙishirwa da sanyi da ƙarancin iska suna tayar masa da ciwo, saboda haka aikinsa yana son shiri na musamman. Na uku hawan jini da ciwon sukari, waɗanda mutane da yawa suke ɗauke da su ba su sani ba sai an auna. Mace mai ciki ko mai zaton ciki ta faɗa. Mai fuka da mai farfaɗiya su faɗa. Wanda jini yake daɗewa bai tsaya masa ba idan ya yanke, da wanda wani a danginsa ya taɓa samun matsala da maganin barci, su ma su faɗa.

Haka kuma kada a ɓoye abin da ake sha, ko jiƙo ne na gargajiya, ko asfirin, ko tiramol, ko taba. Malamin asibiti ba alƙali ba ne. Yana tambaya ne don ya san yawan maganin da zai ba da. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

GIDA DA HANYA

Ko da aiki ya dace, mutum ya dace, saura abu na uku, wato inda zai koma. Tsakanin Madarumfa da Maraɗi wajen kilomita 25 ne, amma gundumar tana da faɗi: ga Jiratawa da Safo da Sarkin Yamma, ga Ɗan Isa da Gabi can wajen iyaka. Da damina, idan Gulbin Maraɗi ko na Gabi ya kawo ruwa, ƙauyen da yake kusa da rani yakan koma nesa. Ƙa'idar da likitoci suka fi bi ita ce kada gidan majinyaci ya wuce tafiyar wajen sa'a guda daga inda za a iya taimakonsa. Kilomita goma bisa kwalta da kilomita goma bisa amalanke cikin rairayi ba ɗaya ba ne.

A ɗauki misalin magidanta biyu masu gwaiwa iri ɗaya, shekarunsu ɗaya. Na farko yana cikin gari, ɗansa babba yana tare da shi, akwai salula a gidan, akwai maƙwabci mai mota. Na biyu yana ƙauye bayan gulbi, ƴaƴansa sun tafi ci-rani, ya zo shi kaɗai bisa kabu-kabu. Na farko zai koma gida da yamma. Na biyu ya kamata ya kwana asibiti, ko ya sauka gidan dangi a gari. Wanda ya riƙe shi bai wulaƙanta shi ba, ya tsare ransa ne.

Duk wanda aka sa barci ko aka yi wa allurar gadon baya, tilas babban mutum mai hankali ya rako shi, ya kuma zauna tare da shi sa'o'i 24. A cikinsu ba ya tuƙa mota ko babur, ba ya zuwa bakin rijiya, ba ya sa hannu a takardar ciniki.

KAFIN AIKI DA BAYANSA

Ana hana cin abinci kafin maganin barci domin kada abin da ke ciki ya taso ya faɗa huhu. Ƙa'idar ita ce sa'o'i 6 ga abinci, 4 ga nonon uwa, 2 ga ruwa zalla. A lura: fura da kunu da koko da madara duk abinci ne. Uwar da tausayi ya sa ta ba yaro kunu a ɓoye, ta faɗi gaskiya. Gara a ɗaga aiki da a yi jana'iza. Idan asibiti ya ba da wani lokaci dabam, a bi nasa.

Ba a sallamar mutum sai ya farfaɗo sarai ya san inda yake, bugun zuciyarsa da numfashinsa sun daidaita, ya sha ruwa bai yi amai ba, ya taka da ƙafarsa, bandeji kuma bai jiƙe ba. A ba shi magani, a bayyana wa mai rakiya yadda ake sha da harshen da yake ji, a sa ranar dawowa.

A gida, alamun da suke wajabta komawa asibiti nan take su ne: jinin da ya ƙi tsayawa, kumburin da yake ƙaruwa, zazzaɓi, amai ba ƙaƙƙautawa, kasa yin fitsari, wahalar numfashi, zafin da magani bai kwantar ba, da mugunya ko wari daga ciwon. Kada a shafa toka ko man kaɗe ko wani gari a kan ɗinki. Wanda aka yi wa aikin gwaiwa ya bar ɗaukar buhu da jan guga da huɗa har makonnin da likita ya yanka masa su cika. Shi ya sa aikin da ba na gaggawa ba ya fi kyau da rani.

KIRA GA HUKUMOMI DA JAMA'A

A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da takardar tambayoyi 19 da ake bi kafin aiki da bayansa, don a tabbata mutumin ne, aikin ne, gefen ne. Ya kamata shugabannin asibitoci su tabbata ana cika ta ko a ƙaramin aiki, su kuma ajiye gado ko biyu ga wanda aka yi niyyar sallama sai hali ya sake. Magadan gari da sarakuna da masu gari su taimaka wajen gyaran hanyoyin karkara da tanadin motar ɗaukar marasa lafiya, su kuma riƙa shelar ranakun da masu aikin ido za su zo.

Waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci su ma suna da nasu rabo. Su ne za su karanta wa maƙwabta takardar asibiti, su tuna musu lokacin daina cin abinci da ranar cire zare, su rubuta lambar malamin asibiti a inda kowa zai gani. Majinyaci kuwa yana da haƙƙin tambaya: wane irin maganin kashe zafi za a yi masa, yau zai koma ko zai kwana, kuma wa zai kira idan dare ya yi. Wanda aka ce ya kwana ya yi haƙuri ya kwana, wanda aka sallama ya kiyaye abin da aka gaya masa, ya dawo ranar da aka sa masa ko da yana jin ya warke.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ƙara wa masu jinya haƙuri.